Yuro Goma Sha Huɗu

Daren Lahadi a Matosinhos,
ruwa na dukan taga tun la'asar.
Na baje takardun wata a kan tebur:
ta wuta, ta gas, ta maganin hawan jinin Amílcar,
sai wannan da ba ta da takarda,
banki ke yanka shiru, ranar biyar ga wata.
Yuro goma sha huɗu. Bara sha ɗaya ne.

Amílcar ya ce, "Graciete, soke shi.
Kilo biyu na sadin ke nan fa, har da canji."
Shi dai a bar shi da rediyo da ƙwallo,
ko duniya ta kife sai ya ji a labarai.

Gaskiyarsa ce, ban musa ba.
Ƙarfe huɗu na asuba nake tashi
in tari masunta a bakin teku,
in yini ina kankare kifi, ina feɗewa,
hannu na ƙarni ko an wanke da lemon tsami.
In na dawo na zauna gaban talabijin,
ga finafinai jere kamar kifi a kan ƙanƙara,
wannan a'a, wancan sai gobe,
kafin in zaɓa shayi ya huce,
kafin jarumi ya buɗe baki na yi barci.
Akwai wani mai dogon zango, na 'yan sanda,
wata bakwai ina kashi na biyu.
Har yau ban san wa ya kashe likitan ba.

To me nake saya?

Zan faɗa, amma ban da Amílcar.
In an kunna, fuskoki biyu ke fitowa:
tawa, shuɗiya, da ta Telmo, wani kare mai tabarau.
Telmo na Geneva yana aikin gini.
Waya sai Kirsimeti, sai ranar haihuwata,
"Lafiya lau, Mama," ya kashe,
kamar kowace kalma da kuɗinta.
Amma in na shiga ta ƙofar karen nan
sai in ga abin da ya kalla jiya
da daidai inda ya tsaya.
Makon da ya duƙufa kan finafinan yaƙi
na san wani ya ɓata masa rai.
Da ya koma na girke-girke na ce,
yaron nan ya gaji da burodi da gwangwani.
Wani dare ya kunna katun ɗin ƙuruciyarsa,
ya kalla har ƙarshe, ƙato mai gemu.
Washegari na aika masa safa da busasshen kifi,
ban rubuta komai a ciki ba.

Leƙe ne, na sani.
Ko Fada ban gaya wa ba.

Yau dai na ɗauki rimot da niyyar rabuwa,
na sa gilashi, ina neman inda ake latsawa.
Sai ga fuskoki huɗu.
Ta uku an rubuta Oriane.
Ta huɗu agwagwa ce rawaya,
a ƙarƙashinta haruffa uku: Maé.

Na daɗe ina kallon agwagwar nan.
Sannan na shiga, ba sallama.
Waƙoƙin koyon ƙirga, jirgin ƙasa mai magana,
wani zomo da ba ya son wanka.
Shekararta uku? Huɗu?
Tasa ce, ko tare ya same su?
Tana cin kifi kuwa?

Amílcar daga ɗaki: "Kin soke?"
Na ce, "Intanet ɗin ne ke wasa."

Na tattara takardu na danne da kwanon lemo.
Gobe in ƙara santi ashirin a kan kilo,
Dona Filomena ta yi mitarta ta saya.

Na koma fuskata shuɗiya,
na wanke ido da ruwan sanyi, na zauna a miƙe.
Ƙila shi ma yana leƙa tawa ƙofar.
Kada ya ga uwarsa wata bakwai a wuri ɗaya.